Kwali na Sha Bakwai

Ranar Talata da rana aka shiga gidana aka ɗauke akwatin matata. Saura kwana uku motar kwashe kaya ta zo.

Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa rediyo ba, ba a ko kalli littattafaina ba. Na ƙarshen nan bai ba ni mamaki ba. Shekara talatin da shida ina zaune a ginin nan, ban taɓa haɗuwa da mutumin da zai saci littafi ba. Na fita karɓo ƙarin kwalaye a shagon bakin titi, na dawo, na shiga duba kayana kamar yadda nake yi safe da yamma. Kwali arba'in da ɗaya ne. Kowanne ni na rubuta masa lamba, na huda shi ta gefe, na zura igiya na ɗaure. Na sha bakwai yana nan inda na bar shi, a ɗaure tsaf. Da na ɗaga shi sai ya biyo hannuna kamar hula. Babu komai a ciki.

Abin da na sa a ciki akwatin ƙarfe ne mai koren fenti, da ɗan kwado a jiki. A ƙasan durowar kayanta na same shi bayan rasuwarta, shekara biyu ke nan, kuma ban taɓa buɗe shi ba. Ba ni da makullin, amma ba wannan ne dalili ba, don kwadon ko da cokali za a ɓalle shi. An raba tufafinta, muryarta ta fara ɓace mini, hotunanta na kalle su har sun daina ce mini komai. Akwatin nan kaɗai ya rage cikin al'amarinta da ban sani ba. Ina ta ajiyarsa kamar yadda mai karatu yake jan ƙafa idan ya ga saura shafi goma littafi ya ƙare. Na yi niyyar buɗe shi a sabon wuri, ranar da zaman kaɗaici ya fi ƙarfina.

Sabon wurin ɗaki ne a bayan gidan 'yata, kusa da igiyar shanya. An sayar da gininmu, rushe shi za a yi. Cikin gidaje goma sha biyu saura huɗu ba su tashi ba, ranar Juma'a kuma kowa zai kama gabansa. Idan akwatin bai fito kafin nan ba, ya tafi ke nan.

Ɗan sandan da na samu ya ce in faɗi abin da ke cikin akwatin. Na ce ban sani ba. Ya dube ni irin kallon da ake wa tsohon da ya manta hanyar gidansa. Na leƙa takardarsa na ga ya rubuta akwati da t biyu. Shekara arba'in na yi ina gyaran rubutu a maɗaba'a, don haka na nuna masa. A nan maganarmu ta ƙare.

Kafin in dawo labari ya cika gini. Na tarar da maƙwabta a kan matakala, kowa ya riga ya kama ɓarawonsa a baki. Wasu sun ce Dogo ne, ɗan dakon da ke kwashe mana kaya. Wasu sun ce Mai Gadi, tunda yana da makullin kowace ƙofa. Wata ta ce a duba cikin gida tukuna, ta faɗa tana kallon motar 'yata. Mai Ɗinki ce kawai, ƙawar matata da ke hawan samanmu, ba ta ce uffan ba. A zuciyata Rediyo nake kiranta, don shekara talatin ban ji an kashe ta ba. Na ɗauki shirun nata a matsayin alheri guda da ranar ta zo da shi.

*

A hawan ƙasa akwai wani tsoho da ake kira Mai Sawu. A gandun daji ya yi aiki, yana bin sawun maharban da ke shiga ba da izini ba, har gwiwarsa ta ce ya isa. Tun da ya dawo gari yake zaune a benci bakin ƙofar gini yana gaisawa da ƙafafun mutane. Bai taɓa kallon fuskata ba sai ranar Laraba da safe, da ya ƙwanƙwasa mini ƙofa.

"Malam, an ce an yi maka ɓarna."

"An yi. Jaje ka zo ko kallo?"

"Duka biyun. Ka share ɗakin?"

"Ban share ba."

"To ka yi abin kirki guda. Matsa in shiga."

Ma'aikata suna ta cire tagogi a gidajen da aka tashi, farar ƙurar bango ta kwanta ko'ina. Mai Sawu ya tsuguna a bakin falo ya daɗe.

"Wannan kai ne, kana jan ƙafar hagu. Wannan 'yarka, kullum kamar an biyo ta. Wannan ƙaton takalmin na Dogo ne. Saura duk ka tattake su da zarya. Sau nawa ka zagaya ɗakin nan jiya?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ƙirga. Ka rage, akwatin ba zai fito daga bango ba."

Ya ja kwali na sha bakwai gabansa ya kama igiyar.

"Ƙullinka ne?"

"Ba nawa ba ne."

"Ba a yanke ta ba. Kwance ta aka yi a tsanake, aka sake zura ta cikin hudar, aka ɗaure." Ya kai bakin igiyar kusa da idonsa, ya taɓa shi da ɗan yatsa, ya ajiye. "Su wa ke da makullin gidan?"

"Ni, da 'yata, da Mai Gadi."

"Su ka sani," in ji shi.

*

Mun sami Dogo a tsakar gini yana ɗaure katifun wasu a bayan mota. Mai Sawu ya tambaye shi me ya shigar da shi gidana.

"Da safe ne, 'yarsa ta buɗe mini in ga yawan kayan. Na ce mata littattafan nan sai an yi sawu biyu." Ya juyo gare ni. "Malam, tsakani da Allah, duk ka karance su?"

"Na karanta."

"Kuma fuskar ba ta saki ba?"

"Akwatin ƙarfe muke nema," in ji Mai Sawu. "An kwance igiya an ɗauka."

Dogo ya yi dariya har ya saki katifa. Ya zaro wuƙa daga ƙugu ya nuna mana. "Baba, ni da nake saukar da firiji a bayana daga hawa na huɗu, ni zan zauna ina lallaɓa igiya? Da ni ne, da kwalin da akwatin da wanda ke kusa da shi duk sun tafi tare."

Mai Sawu ya dubi hannayensa, ya ce mu tafi.

*

'Yata ta zo da la'asar da ƙarin igiya da tsofaffin jaridu na naɗe kwanuka. Tun da aka fara haɗa kayan nan take cewa ɗakin ba zai ɗauki kwali arba'in ba. Na kwana da wannan maganar a raina, kuma ni ba mutum ne mai iya riƙe magana ba idan mai ɗaci ce.

"Jiya bayan kin sallami Dogo, kin dawo?"

Ta tsaya da faranti a hannu. "Baba, me kake tambayata?"

"Abin da kika ji."

"Kana ganin zan saci kayan uwata?"

"Ina ganin kina son rage kaya."

Ta naɗe farantin, ta sa shi a kwali, ta ɗauki wani. "Ban ma san akwai akwati ba. Shekara biyu yana wurinka ba ka taɓa faɗa mini ba. Ni ma fa uwata ce." Ta ci gaba da naɗi ba ta kalle ni ba. "Na sa an yi wa ɗakin fenti. Na sa kafinta ya yi maka kanta har rufi saboda littattafan. Ka zo ka gani, sai ka faɗa mana inda ya karkace."

Mai Sawu yana tsaye bakin ƙofa yana nazarin ƙasa, kamar ba ya da kunne. Da ta tafi ya ce, "Ba ita ba ce."

"A sawunta ka gani?"

"A'a. Wannan ko kai ka gani."

*

Ranar Alhamis da safe muka nemi Mai Gadi. Abu biyu suka sa ake zarginsa. Ranar da aka yi satar ya share matakala daga ƙofata har ƙasa, shi da rabonsa da tsintsiya tun ina da baƙin gashi. Sannan yana da ɗaki a kan rufin gini inda yake tara abin da masu tashi suka bari.

"Masu ginin ne suka ce za su zo dubawa," in ji shi, yana haki, don ƙirjinsa ba shi da lafiya. "Iyakar hawanku suke zuwa, shi ya sa iyakar nan na share. In kuna so ku hau ku duba. Ku dai kada ku taɓa mini fanka."

Muka kama hawa. Ba mu yi taka biyar sama da ƙofata ba Mai Sawu ya zauna daɓas a kan matakala. Na zaci gwiwar ce.

"Malam, zo ka karanta wannan. Ba ka ce ka iya karatu ba?"

A goshin matakalar akwai ɗan layin kore, siriri, tsawon farce. Ya ƙirga uku sama, ga wani. Uku kuma, ga wani. Kusa da kowanne ƙurar ta kwanta murabba'i, inda aka ajiye abu mai nauyi.

"Kowa ƙofar waje yake kallo, don ɓarawo ƙasa yake yi. Wannan sama ya yi. Taka uku, ya ajiye, ya huta. Akwatin ya fi ƙarfinsa."

Alamar ta ƙare a hawa na gaba, inda aka goge daɓen da ruwa. Daga nan ƙofa ɗaya ce mai mutum a ciki, ta Mai Ɗinki, sai kuma tsanin da ke hawa rufi. Muka hau ɗakin Mai Gadi. Akwai karyayyun kujeru, da tukwanen fure, da wata lema tawa da na yi shekara shida ina zargin 'yata da ɓatarwa. Babu akwati.

"Ya ɓoye shi wani wuri," na ce. "Ka ji yadda yake haki. Taka uku ya huta, ai shi ne."

"Mai yiwuwa," in ji Mai Sawu. "Ka tara mini su duka a falonka ƙarfe huɗu. Ka ce taimakon ɗaurin kaya kake nema."

"Ba wanda zai yarda na nemi taimako."

"Shi ya sa za su zo. Kowa zai so ya gani da idonsa."

*

Sun zo. Babu kujera, duk an ɗaure su ƙafafu sama, sai kowa ya zauna a kan kwali: Dogo, da Mai Gadi, da 'yata, da Mai Ɗinki can kusa da ƙofa, mayafinta a ƙanƙame. Bangon ya yi fari fari inda aka cire hotuna. Murya tana amsa kuwwa a ɗakin, abin da bai taɓa yi ba.

Mai Sawu ya ce yatsunsa sun ƙage, nawa kuma sai riƙon biro. Ya miƙa wa kowa kwali ɗaya mai huda da guntun igiya, wadda bakinta ya tarwatse kamar tsintsiya. Ya ce a taimaka a zura a ɗaure.

Dogo ya tura tasa da tsinin wuƙa. Mai Gadi ya sa yatsa ya yage hudar ta zama taga. 'Yata ta ninka bakin igiyar biyu ta danna da makullin mota. Mai Ɗinki kuwa hankalinta ba ya wurin. Ta kai bakin igiyar leɓenta ta jiƙa, ta murza shi tsakanin yatsa biyu ya yi tsini, ta zura sau ɗaya ya wuce.

Mai Sawu ya jawo kwali na sha bakwai ya ɗaga bakin igiyarsa. A murɗe yake, mai tsini, ya bushe ya ƙage.

"Baiwar Allah," ya ce a hankali, "huda ce wannan, ba kafar allura ba."

Ta dubi igiyar da ke hannunta, ta dubi waccan. Ta ajiye kwalin a ƙasa.

"Inna?" in ji 'yata.

"Ba sata na yi ba," in ji Mai Ɗinki. Muryar da na sani ta dawo, amma ƙasa ƙasa. "Saƙo ne aka ba ni. Makullin gidanku ma matarka ce ta ba ni, ya fi shekara ashirin, saboda ranar da za ta manta wuta a kunne."

"Wane saƙo?" na ce.

"A asibiti, ranar da ka fita neman likita kana yi wa ma'aikata faɗa. Ta riƙe hannuna ta ce, akwai akwati a ƙasan durowa, ki ɗauke shi kafin ya buɗe. Na ce to. Sai ka dawo gida ka rufe ƙofa shekara biyu. Ina zan shiga? Kana fita ne? Da na ga an fara ɗaure kaya na ce yau ko gobe zai tafi da shi, in je in ce mata me?"

"Mene ne a ciki?"

"Wasiƙu."

Mai Gadi ya daina haki don ya ji da kyau. Na karanta littattafai da yawa, na san abin da wasiƙu a kulle suke nufi.

"Na wa?"

"Na wa kuma? Naka mana! Kai, Malam, duk karatun nan. Wa take da shi in ba kai ba?" Ta share ido da bakin mayafi. "Wurina take hawowa ta rubuta, a kan teburin da nake yanka yadi. Ina ɗinki tana rubutu. In ka ɓata mata rai ta rubuta, in ka yi abin da ya faranta mata ta rubuta. Ranar da ka ɗauko yarinyar nan daga asibiti kana tafiya kamar ka ɗauko ƙwai, shafi huɗu ta yi. Ta ninke ta sauka da shi ta kulle."

"Me ya hana ta ba ni?"

"Ta taɓa ba ka ɗaya. Shekarar aurenku ta farko, ta sa maka a aljihun riga. Washegari ta same ta a kan matashi, ka bi ta da jan biro." Ta dube ni ido cikin ido, karo na farko a shekara talatin. "Abin da ta ce mini a asibiti ke nan. Ta ce, kada ki bari ya karanta. Zai gyara."

Dogo ya sunkuyar da kai yana wasa da wuƙarsa. Mai Sawu ya koma kallon ƙasa.

"Yana ƙarƙashin kekena," in ji ta. "Ban buɗe ba. In kana so ka tura Dogo ya sauko da shi, ba ni da ƙarfin hana ka, bayana ma har yau bai miƙe ba. Ni dai na faɗa maka abin da ta ce."

"Baba, naka ne," in ji 'yata. "Sunanka ne a kai."

Taka goma sha takwas ne tsakanina da akwatin. Kusan shekara talatin na maganarta, wadda ba ta yi mini ba, tana can ƙarƙashin keken ɗinki, kuma ba mai hana ni. A duk zamanmu ba ta taɓa hana ni komai ba sai wannan.

"Ina za ki koma?" na tambayi Mai Ɗinki.

"Wurin ɗana. Tafiyar yini ce."

"Ki tafi da shi. In kin ji na mutu, ki aiko wa yarinyar nan."

"Baba..."

"Ita ba ta da jan biro," na ce. "Ku tashi, kun zaune mini littattafai."

*

Ranar Juma'a motar ta zo a makare. Dogo ya yi sawu biyu kamar yadda ya faɗa. Na ga an sauko da keken Mai Ɗinki an ɗora a wata motar, da wani abu naɗe cikin bargo wanda ta ƙi yarda a sa a baya, ta rungume shi a cinya. Mai Sawu yana kan bencinsa, shi ma jakunkunansa biyu a gefe. Na tsaya gabansa na rasa yadda ake cewa an gode, sai na ce masa ya kula da gwiwar. Ya ce wa takalmana su sauka lafiya.

Yanzu ina ɗakin bayan gida. Kantar ba ta karkace ba, na duba.

Wasiƙar farkon nan ina tune da ita, ba na bukatar akwati. Shafi ɗaya ce da aka yago daga littafin makaranta, da shuɗin biro. A maɗaba'a na same ta a aljihuna, na karanta ta sau goma sha ɗaya, na kasa aiki. Na ɗauki takarda in ba ta amsa. Sau uku ina rubutawa ina yagawa, don duk abin da na sa sai in ga na wani ne, na taɓa karanta shi a wani wuri. Da aka tashi aiki ba ni da layi ko ɗaya nawa. Sai na ɗauki abin da na iya, na bi wasiƙar kalma kalma don ta ga ban tsallake komai ba.

Layin ƙarshe ta rubuta: Ina jin dadin zama da kai. Ba ta sa wa harafin ƙugiyarsa ba. Na sa masa, na danna biron har ya huda takardar. Na zaci za ta gane. Abin da nake nufi da wannan 'yar ƙugiyar, wanda ban faɗa mata ranar ba, ban kuma faɗa ba har aka rufe mata ido, kalma biyu ce kawai.

Ni ma.